Polimer da Hausa: roba, carbi ko sarƙa?

Ɗalibin shimi (kimiyyar sinadarai), Maradi: Assalamu alaikum. Ina shekara ta uku a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Jiya bayan magariba Baba ya tambaye ni abin da nake karantawa, na ce polimer. Ya ce da Hausa fa? Na ce roba. Sai ya ɗaga butar da ke gefen tabarmarsa ya ce, "Ashe shekara uku koyon yin buta kake?" Ƙannena har da faɗuwa don dariya. Don Allah a agaza mini da kalma.

Malamin kimiyya, Tasawa: Wa alaikumus salam ɗana. Roba ta yi wa abin kaɗan. Buta da leda polimer ne, gaskiya, amma audugar rigar mahaifinka ma polimer ce, haka sitacin da ke cikin gero, haka ƙaron da ake ɓamɓarowa a jikin ɗakwara. Asalin kalmar Girkanci ne, tana nufin yanki da yawa, kuma Berzelius ɗan ƙasar Suwidin ne ya shigo da ita a 1833. Ni a aji carbi nake zarowa daga aljihu: ƙwaya guda monomer, carbin gaba ɗaya polimer. Ko a ce carbin sinadari?

Ɗaliba, ajin masta: Allah gafarta Malam, ina da ja kaɗan. Carbi tsarkiya ke riƙe da shi, in ta tsinke ƙwayoyi su watse a ƙasa. Polimer ba shi da tsarkiya, ƙwayoyin ne ke riƙe da juna. Ɗauki leda: kowane etilen, wato monomer ɗin leda, mai kabon 2 da haidurojin 4, yana kwance ɗaya daga cikin ɗauri biyun da ke tsakanin kabon ɗinsa ya kama na gaba da shi, na gaba ma ya kama wani, har dubbai. A kan wannan Staudinger na Jamus ya sha gardama tun 1920, lokacin da manyan masana ke cewa ƙananan ƙwayoyi ne kawai suka cunkushe wuri guda. Sai 1953 ya samu kyautar Nobel. In muka ce carbi, mun koma layin waɗanda aka kayar ke nan. Ni sarƙa na zaɓa.

Malamin kimiyya: Kin kama ni, ƴata. Carbin zai koma aikinsa na asali. Sai dai sarƙa tana da mai ita: da ita muke fassara jerin kabon, kuma ko butan, gas ɗin girki, jerin kabon 4 gare shi, ba wanda zai kira shi polimer. Yaro zai ruɗe.

Ɗaliba: To a ce sarƙau, kamar yadda mai mantuwa ya zama mantau. Monomer kuma gaɓa, irin ta rake. Aikin haɗa su, sarƙawa. Kalmar har ta ɗauki waɗanda sarƙoƙinsu suka harɗe kamar raga, irin tayar mota da aka gasa da farar wuta.

Mai gyaran lantarki, kusa da babbar kasuwa: Ni ban yi jami'a ba, amma a wurinmu roba ita ce abin da wuta ba ta bi. Da ita ake naɗe waya. Sarƙau ɗin naku ma haka yake?

Ɗalibin shimi: Yaya, ka taɓo inda karatunmu yake. Ba duka ba. A 1977 masana uku, Shirakawa da MacDiarmid da Heeger, suka turara wa wani polimer mai suna poliasetilen aidin, sai ga shi wuta tana bin sa, suka samu Nobel a 2000. Sirrin, ɗaurinsa yana tafiya ne ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, wannan ya ba ilektoron, ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar, hanyar wucewa. Irin waɗannan ake kira masu aiki, wato an ƙera su don su ɗauki wuta ko su ba da haske, ba don su riƙe ruwan alwala ba. Da na ce maka roba mai ɗaukar wuta, da ka ce na zautu. Sarƙau mai ɗaukar wuta kuwa ya zauna a baki. A takardar jarrabawa polimer zan ci gaba da rubutawa, a gida sarƙau.

Malamin kimiyya: Na sa hannu. Saura abu guda: sarƙau ne ko sarƙau ce? Na ga kun riga kun mai da shi namiji, alhali uwarsa sarƙa mace ce.

Ɗaliba: Ne, Malam. Auduga sarƙau ce, sitaci sarƙau ne, amma in shi kaɗai ya tsaya, namiji.