Wankan jego da sanyin hunturu sun cinye man yunit, mi ab mafita?

Baban Walida (Birnin Kebbi)

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin harkar wuta ku taimaka man da shawara. Iyalina ta sauka yau kwana 11, mun samu ɗa namiji, kuma kun san yadda sanyin bana ya sauko, da asuba ruwan tanki ko alwala ba ka iya yi da shi sai ka cije. Gidan da nike haya nan Gesse komi na wuta ne, girki da hotfilet, ruwan zafi da hita, mai gidan tun ranar da munka shiga ya kafa sharaɗi ba itace ba gawayi cikin gidan saboda tayil da fenti, kuma tsakar gidan ma ƴar mitsitsiya ce ba wurin kafa murhu. Gwaggonta ta zo daga Kalgo tana yi mata wanka, safe da yamma, kowane wanka bokiti uku manya anka tafasa da hitar nan mai zobe ta cikin bokiti, sai sun yi ɓararrakar tafasa sannan ta yarda. Ga hitar ɗaki da na sawo saboda jinjiri, mai sanduna ja ɗin nan, ana kunna ta tun bayan isha'i. Ga kuma hitar bango ta banɗakina mai lita 50 wadda a kunne take kullum tunda sanyi ya kama.

Layinmu Band A ne, rukunin da kuɗin wutarsa ya fi tsada. Da can in na sa katin dubu goma yana ba ni yunit 44 kuma shina kai ni kwana biyar ko shida, yanzu wallahi kwana biyu ba ya cikawa mita ta fara kuka. Saura kwana 29 a yi arba'in, ga hidimar suna da na fito ciki. Ba ni son in takura ma mai jego kuma ba ni son gwaggo ta ga kamar rowa nike yi. Mi za ni rage, mi za ni bari?

Injiniya Jega

Wa alaikumus salam Baban Walida, barka da arziki, Allah ya raya shi bisa sunna ya ba mai jego lafiya.

Bari in yi maka lissafin a fili don ka ga inda kuɗin ke tafiya, saboda mutane da yawa suna zargin mita alhali ruwa ne ke shan wutar. Ruwa abu ne mai wuyar ɗumamawa, duk lita ɗaya in kana so zafinta ya hau da digiri ɗaya sai ta ci wajen wat 1.16 na awa guda, wannan ba ya canzawa ko da wace irin hita ka yi aiki, ta dubu uku ko ta dubu ɗari. To mu ɗauka ruwan tankinka da asuba yana digiri 18. Bokiti uku lita 60 ke nan. Ka kai su tafasa, wato digiri 100, ka ci yunit 5.7. Safe da yamma yunit 11 da ɗori. A farashin da ka faɗa yunit ɗaya na kama maka wajen naira 225, ka ga wanka kaɗai ya haura naira 2,500 a rana, kwana arba'in sama da dubu ɗari. Kuma wannan in an cire hitar da zarar ya tafasa ne, in an bar ta tana ta ɓararraka minti ashirin ana hira, duk wutar nan tururi take zama ta bi iska, ruwa ba ya wuce 100 komai daɗewarsa.

Abin lura shi ne ba ɗan adam da ke iya zuba ruwan digiri 100 a jikinsa. Ko dai ana surka shi har ya yi yawa a zubar da saura, ko ana jira ya huce, duka biyun kuɗinka ne ke tafiya. Bokiti ɗaya tafasasshe in ka surka shi da bokiti biyu na sanyi zai ba ka bokiti uku masu zafin wajen digiri 45, kuma 45 zafi ne sosai, hannu ma ba ya daɗewa a ciki. Wato kashi ɗaya cikin uku na wutar da kuke ci yanzu ya isa.

Sai hitar ɗaki. Duba bayanta za ka ga an rubuta wat nawa ce, yawancin masu sandunan nan in an kunna duka suna kai 2000 ko kusa, wato yunit biyu duk awa. In ta yi awa huɗu yunit takwas, in ta kwana har asuba yunit sha shida. Ita ce ɓarauniya ta biyu.

Ta bango kuma in ka bar ta a kunne dare da rana tana ta hucewa tana sake kunna kanta, kusan yunit guda take zubarwa a banza kullum ko ba a buɗe famfo ba. Amma fa ita ce abin da ya fi amfani a gidan naka in ka iya da ita, domin tankinta rufaffe ne mai ɗauke da abin riƙe zafi, ba kamar bokiti da ke buɗe iska na kwashewa ba. Ka sa ma'aunin zafinta a kan 60, kar ka yi ƙasa da haka don ƙwayoyin cuta na iya zama a ruwa mai ɗumi-ɗumi da ya daɗe a tanki, kar kuma ka kai shi ƙarshe. In mai wat 1500 ce awa ɗaya da minti arba'in ta isa ta kai lita 50 ɗin zuwa digiri 60, yunit biyu da rabi ke nan, kuma in aka surka wannan ruwan zai ba da fiye da bokiti uku. Ka kunna lokacin da ka tashi sallar asuba, ka kashe in ta gama, haka da la'asar.

Kar ka ɗauki maganata kawai, ka rubuta abin da mita ta nuna kafin a fara dafa ruwan gobe da bayan an gama, ka dawo ka gaya mana.

Hajiya Maman Sadiya (Argungu)

Barka ɗana, Allah shi raya. Injiniya lissafinka na da kyau amma ka bar mutum guda waje, gwaggo. Mu da munka yi jego tara mun san tsohuwa ba ta yarda da ruwan da ba ta gani ya tafasa da idonta ba, ka ce mata ruwan famfon bango ne sai ta ce ɗanyen ruwa anka ba ɗiyarta, ranar da mai jego ta yi ko atishawa kai za a ɗora ma. Don haka ni shawarata bokiti gudan nan da anka dafa da ganyen darbejiya a bar mata shi ta tafasa abinta ta ga tururi, sauran biyun a ɗebo daga na bango ko a surka. Kuma kada kai ka faɗa mata, surukuta ce, ka gaya ma matarka ita ta san bakin da za ta yi ma gwaggonta magana.

Sannan a riƙa rufe bokitin da faranti ko murfin roba lokacin da hita ke ciki, a ɗora shi bisa katako ko tsohon buhu ba bisa tayil mai sanyi ba, ya fi saurin yi. Ruwan tsarki da na wanke ma jinjiri jiki cikin dare kuma a cika babban filas tun da yamma, ba sai an ta da hita ƙarfe biyun dare don ruwan kofi biyu ba. Ni filas biyu gare ni manya irin na shayin buki, su nika aiki da su duk hunturu.

Abu Hanifa Gusau

Ni abin da ya rage min kuɗi a Gusau rana ce wallahi, kyauta Allah ya ba mu muna kallo. Jarka huɗu na samu masu lita 25 na shafa musu baƙin fenti, ina cika su da safe in jera su jikin bangon da rana ke duka inda iska ba ta bugu, kafin la'asar ruwan ya yi ɗumi sosai, ranar da garin ya washe har sai yara sun surka. Ranar da hazo ya rufe gari kam ba ya wani zafi, amma ko yaya ya fi na tanki, kuma duk digirin da rana ta ƙara maka hita ba za ta ci kuɗinsa ba. Wankan yamma dai da shi za ku fara, ku ƙarasa da hita. Na safe ne matsala, nakan shigo da jarka biyu ɗaki kafin magariba in lulluɓe su da tsohon bargo, da asuba ba su da zafi amma ba su yi ƙanƙarar na waje ba.

Akwai kuma hitar sola ta kan rufi mai bututan gilashi, wani maƙwabcina ya sa tana aiki da kyau, sai dai kai gidan haya kake kuma kuɗinta ba na mai fitowa daga suna ba ne, kuma lokacin ƙura sai ana hawa ana goge ta.

Wani abu kuma, in ruwan bohol kuke sha ka duba zoben hitar da cikin butar lantarki, in ka ga farin abu ya daskare kamar alli to ka jiƙa shi cikin ruwan tsami ko ruwan lemun tsami ya kwana ka goge, yana sa ta jinkiri kuma yana ƙona ta da wuri.

Anti Nas (Birnin Kebbi)

Barka da arziki Baban Walida. Ni ma'aikaciyar jinya ce, abu biyu nake roƙonka. Na farko duk yadda kuɗin wuta ya matsa maka kar wani ya ba ku shawarar shigar da kaskon gawayi ɗakin mai jego a rufe ƙofa da taga, iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, mutum barci kawai zai ji da ciwon kai, jinjiri kuwa shi ke fara tafiya. Na biyu hitar zoben nan, kar kowa ya sa hannu cikin bokiti don jin ko ya yi zafi tana jone, a zare daga soket tukuna, kuma bokitin roba ne ko na ƙarfe a ajiye shi inda Walida ba za ta kai ba. Ƙunar ruwan zafi a jikin yara ita muka fi gani a watannin nan.

Maganar ɗumama ɗaki kuma, jinjiri jikinsa ake ɗumamawa ba bangon ɗaki ba. Hula, safa, riga biyu marasa nauyi, a kwantar da shi kusa da uwarsa, lokacin shan nono a manna shi a ƙirjinta a rufa su tare. A toshe ƙasan ƙofa da tsumma, a sa labule mai kauri ko bargo a taga tun kafin magariba don zafin da ɗakin ya tara da rana ya zauna, a shimfiɗa darduma a kan tayil. Hitar a kunna sanda ɗaya lokacin da za a yi masa wanka ko canjin kaya, da kuma wajen asuba da sanyi ke tsananta, nesa da labule da katifa. In ta kwana a kunne ma busar da iskar ɗakin take yi a kan bushewar hunturu, sai ka ji hancin yaro ya toshe.

Ita ma mai jego ruwa mai ɗumi sosai ya wadatar, ba sai wanda zai saluɓe fata ba, musamman in akwai ɗinki. In kuma ta fara kumburin ƙafa ko numfashi na yi mata wuya in ta kwanta, kar a ce sanyi ne a ƙara zafin ruwa da kunun kanwa, a kawo ta asibiti a duba zuciyarta da hawan jini.

Ɗan Yauri

Ni dai tambaya, gas fa? Tun Afrilun 2024 da aka ɗaga Band A daga sittin da wani abu zuwa sama da ɗari biyu na mayar da dafa ruwa kan gas, ina ganin kamar ya fi min sauƙi amma ban taɓa aunawa ba.

Injiniya Jega

Ɗan Yauri kilo ɗaya na gas in ka cire zafin da ke tserewa ta gefen tukunya, abin da ke shiga ruwan ya kai kamar yunit bakwai na wuta. Sai ka duba nawa ake sayar da kilo a garinku ka gwada da kuɗin yunit bakwai, ga ɗan Band A wajen naira 1,600 ke nan. In kilo bai kai haka ba gas ya fi, in kuma layinka Band C ne ko D inda yunit ke da araha to wuta ta fi, in an kawo ta. Da murfi a kan tukunya fa, kuma kar harshen wutar ya fito gefe.

Baban Walida (Birnin Kebbi)

Na gode ƙwarai jama'a, Allah shi saka da alheri. Na auna kamar yadda Injiniya ya ce, shekaranjiya da safe kafin a fara dafa ruwa mita na 31.6, da anka gama ta koma 24.9, kuma firij kaɗai ke kunne bayan hitar, sai da na sake dubawa don ban yarda ba. Hajiya na bi shawararki, uwar ɗakin ce ta yi ma gwaggo magana, ta yarda da bokiti guda na ganye amma ta ce na bango za a ƙara mata ba na sanyi ba, to mun tsaya a haka. Jiya duka yini da kwana yunit 17 munka ci, da hitar ɗaki sanda guda daga ƙarfe huɗu zuwa shida na asuba. Gas kam mai gida bai hana ba amma iyalina tsoronshi take, sai bayan arba'in mu sake maganar.

Abu Hanifa na samu jarka biyu, wane irin fenti ka shafa, na mai ko na ruwa? Kuma ba ya sa ruwan wari?

Abu Hanifa Gusau

Na mai, mara sheƙi, a waje kawai za ka shafa ka bar shi ya bushe kwana biyu kafin ka zuba ruwa. Ka tabbata jarkar ta man gyaɗa ce ko ta ruwa, ba wadda aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi ba, kuma ka ɗan sassauta murfin in tana rana.