"Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga": ta dace da ecb_crypt?

Ɗan Agege: Salamu alaikum. Ana kawo wannan karin magana kan masu kulle bayanai da ecb_crypt da cbc_crypt, tsofaffin ayyuka na glibc (ɗakin karatun harshen C na GNU) masu amfani da DES, wani tsohon tsarin kulle bayanai da mabuɗi. Wai DES ɗin ne tsagaggen bango. Ta zauna a wurin?

Malamin Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Asali kan zumunci ake faɗinta: sai 'yan gida sun saɓa bare ke samun ƙofa, kuma masu gida take zargi, ba ƙadangare ba. DES kuwa bai tsage ba, gajartar mabuɗi ce ta kashe shi. Mabuɗinsa bayit 8 ne, amma bit 56 kaɗai ke aiki. A 1998 na'urar EFF, ƙungiyar kare haƙƙin masu amfani da intanet, ta yi ta gwada mabuɗai ɗaya bayan ɗaya har ta dace cikin awa 56. Wannan tsallake katanga ne, don haka ban yarda ba.

Injiniyan Yaba: Allah ya gafarta Malam, tsagar tana nan, a ECB take, wato salon kullewa na ecb_crypt. Kowace gunduwa mai bayit 8 ita kaɗai ake kulle ta, da mabuɗi guda. Gunduwa biyu masu kama ɗaya, sakamakonsu ɗaya. A fayil ɗin albashi mai jeri iri ɗaya, mai leƙe zai gane su wa ke karɓar kuɗi daidai da juna ba tare da mabuɗi ba, har ya musanya gunduwar wani da ta wani. Mai shirin ne ya zaɓi haka, alhali cbc_crypt na gefe.

Hajiya ta Ikeja: Shi ma CBC ɗin, salon cbc_crypt mai sarƙa kowace gunduwa da ta gabanta, ai sai an iya. Yana son ivec, ƙimar da ake fara sarƙar da ita, na bayit 8. In kullum da sifili aka fara, saƙonni masu farko ɗaya za su tona kansu. Abin da ya fi damuna daban ne. Dole tsawon bayanan ya rabu da 8 ba saura, kuma kada ya wuce 8192. In an saɓa, lambar kuskure DESERR_BADPARAM za ta dawo, bayanan na nan yadda suke, domin a kan bayanan asali ake rubuta sakamakon kullewa. Wanda bai duba da DES_FAILED (mai nuna ko aikin ya gaza) ba zai tura su tsirara, yana ganin ya kulle.

Malamin Idi-Araba: To Hajiya, a nan kam na yarda, sakacin mai gida ne. Amma kada a jingina ta ga gajartar mabuɗi.

Injiniyan Yaba: Ko ma yaya, tun glibc 2.28 a 2018 sabon shiri ba ya haɗuwa da ecb_crypt da cbc_crypt. A koma AES-256-GCM, tsarin kullewa na zamani, ta ayyukan EVP na ɗakin karatun OpenSSL: mabuɗi bayit 32, nonce (lamba mai amfani sau ɗaya) bayit 12, hatimin tantancewa bayit 16. Kada a maimaita nonce da mabuɗi ɗaya, kuma in hatimi bai dace ba a watsar da duk abin da aka buɗe.