Na cire ɗana daga makaranta, yanzu ina tsoron ya rasa tausayi

Maman Abba: Assalamu alaikum. Ina neman shawara kan ɗana mai shekara 9, wanda na cire daga wata makarantar kuɗi a Kaduna bara, bayan ya dawo gida sau biyu da riga a yage, da na je bin ba'asi kuma aka ce mini wasan yara ne. Tun lokacin nake koyar da shi a falo, malamin lissafi yana zuwa sau uku a mako, karatunsa kuwa ya inganta ƙwarai. Sai dai ranar sunan ɗiyar ƙanwata wani yaro ya faɗi yana kuka a gabansa, shi kuwa ya janye kwanon cincin ɗinsa ya koma gefe, ko sannu bai ce ba. Surukata ta ce ni na mayar da shi haka. Anya zaman gida ne?

Tsohon Hedimasta: Wa'alaikumus salam. Hajiya, ki mayar da shi makaranta zangon nan. Dokar ilimin bai-ɗaya ta Najeriya, wato UBE, ta 2004 ta wajabta wa iyaye sa 'ya'yansu karatun shekara tara na farko. Ban da wannan, yaron da bai taɓa ara wa wani fensir ba, bai jira layi ba, a ina zai koyi damuwa da wani?

Umman Husna: Malam, da girmanka, tawa 'yar a makarantar ta koyo raini. Kullum a ce mu kawo kuɗin walima, kuɗin riga, amma ranar da ta yi zazzaɓi babu wanda ya kira ni.

Ɗan Zariya: A makarantar allo babban ɗalibi ke biya wa ƙarami karatu, kuma nan muka koyi haƙuri da na ƙasa da mu. Tsarin koyarwa na Montessori, wanda ya faro a birnin Rum a 1907, shi ma yana haɗa manya da ƙanana a aji ɗaya. Ki bar shi a gida, ki sa shi Islamiyyar unguwa da yamma.

Tsohon Hedimasta: Awa biyu na Islamiyya ba za su wadatar ba. Na daɗe a harkar nan, na san abin da nake faɗa.

Maman Abba: Na gode, amma ku ba ku ga rigar ba. Islamiyyar unguwarmu kuma yaran da suka doke shi can suke zuwa. A gida yana lallashin ƙanwarsa sosai, wataƙila kunya ce kawai ta kama shi ranar.

Umman Husna: To, shi mahaifinsa me ya ce a kan wannan duka?

Maman Abba: Wannan wata magana ce daban.