Neman kalma: "inherited method" da "override" a darasin Sphinx

Malamar Python: Assalamu alaikum. Ranar Asabar ina da darasi kan Sphinx, manhajar nan da ke zaro bayanai daga cikin kod ɗin Python ta haɗa littafin jagora da kanta. Abin da zan nuna wa ɗalibai: idan ƙaramin aji (class, wato rukunin kod) ya sake rubuta wani aiki (method) na babban ajin da ya fito daga gare shi bai sa masa bayani ba, autodoc, ɓangaren Sphinx mai zaro bayanan, sai ya kwaso bayanin babban ya liƙa masa, ko da aikin ya canza. Ana hana shi da autodoc_inherit_docstrings = False a cikin conf.py, fayil ɗin saitin Sphinx. Kod ɗin ba matsala, Hausar ce ta tsaya min. Me zan ce wa "inherited method", wato aikin da ƙaramin aji ya samu daga babba, da kuma "override", wato canza shi da ƙaramin ya yi?

Bazazzagi: Wa alaikumus salam. "Aikin gado" mana. Override kuma "sake rubutawa".

Malam Basakkwace: A'a, ƙanena. Gado sai an mutu, kuma rabawa ake yi. A nan uban yana raye, kuma kowane ɗa ya kwashe duka. Na daɗe ina cewa "aikin tsatso". Override kuwa ai nasikhi ne, na uban ya zama mansukhi.

Bazazzagi: Allah ya gafarta Malam, ɗan maƙeri ba ya jiran uban ya rasu kafin a ce ya gaji ƙira. Kuma mansukhi an daina aiki da shi, alhali aikin uban yana nan daram: sauran 'ya'yan suna amfani da shi, wanda ya canza ma yana iya kiransa da super(), umarnin Python na kiran aikin uba.

Ɗan Maraɗi: Mu da Faransanci aka koya mana, héritage da redéfinition. Gado dai ya fi kusa. Tsoro na ɗaya: a rubuce wani zai karanta gadon kwana.

Bakanuwa: Babu wanda zai ɗauka aji yana barci. "Tsatso" kuwa ba na jin yaran Kano za su gane.

Malam Basakkwace: To ga shi nan! Kullum abin da Kano ba ta gane ba ba Hausa ba ne.

Bakanuwa: Daidaitacciyar Hausa dai ba ni na ɗora ta kan karin Kano ba, Malam.

Malamar Python: Don Allah mu dawo. Akwai kuma :inherited-members:, wanda ke sa a jera har ayyukan da ɗan bai taɓa ba. Dole in bambanta su da waɗanda ya canza.

Bazazzagi: "Gadajjen aiki" ga wanda bai taɓa ba, "sauyayyen aiki" ga wanda ya canza.

Malamar Python: Gadajjen aiki na ɗauka. Sauyayye zan gwada in ga fuskokin yara, in sun yi shiru in koma "sake rubutawa".

Malam Basakkwace: Ku yi ta gadonku. Ni a allona tsatso zan rubuta.