DHCP ya ƙi ba da adireshi ana tsakiyar ɗora Debian: wa ya taɓa gani?

Mai shago a Samaru: Assalamu alaikum. Jiya ina ɗora Debian 12, wato wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta irin ta Linux, a wata tsohuwar kwamfuta da za mu riƙa ajiye takardun ɗalibai a ciki, sai ta tsaya ta ce ba ta samu adireshi ta DHCP ba, wato tsarin da rawuta ke raba wa na'urori adireshi da kanta. Na zaɓi in saka da hannu, ta nemi adireshin IP (lambar kwamfutar a layi), netmas (lambar da ke nuna iyakar layin), ƙofar fita (adireshin rawutar da ake bi a fita intanet) da adireshin DNS (na'urar da ke mayar da sunan shafi zuwa lamba). Na cike duka, amma da aka zo sauko da manhajoji ta ƙi gaba. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan ya faɗa mana yadda ya fita.

Mai gyara a PZ: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ni ƙofar fita ce ta ba ni wahala. Hannuna ya saba da 192.168.1.1, na buga ban duba ba, ashe rawutar ofishin a 192.168.0.1 take. Tun bayan azahar nake sauya kebul har aka kira la'asar, mai ofis na tsaye a kaina, man janareta na ƙonewa. Sai da na kifa rawutar na karanta takardar da ke manne a ƙarƙashinta. Tun ranar, kafin in soka filashar ɗora Debian, nakan je kwamfutar Windows da ke aiki a wurin in buga umarnin ipconfig /all, in kwafe lambobin nan huɗu a bayan rasit.

Malama daga Kongo: Masu ɗora Ubuntu Server, wani nau'in Linux ɗin, su kula, tambayarsa daban ce. Akwatin farko ba ya karɓar 255.255.255.0. Adireshin layin gaba ɗaya yake so, a rubuta 192.168.1.0/24, sannan na kwamfutar a akwati na biyu. Wannan 24 ɗin shi ne netmas ɗin a taƙaice. Na yi ta gogewa ina sakewa, wallahi har na ɗauka faifan ne ya lalace.

Wani daga Tudun Wada: Ni komai ya tafi lafiya, washegari firinta ta daina aiki. Adireshinta na bai wa sabuwar kwamfutar ban sani ba. A duba rawuta a ga inda rabon adireshinta yake farawa da inda yake ƙarewa, a ɗauki lamba a wajen wannan, a kuma tabbatar babu mai riƙe da ita.

Mai shago a Samaru: Allah ya saka da alheri, Yaya, na bi shawararka ta rasit. Ƙofar fitata daidai ce, a DNS na yi kuskure, lamba ɗaya ta ɓace mini. Na koma baya na sa 8.8.8.8, wato DNS ɗin Google, nan take ta fara sauko da kaya. Na kuma gano wani yaron shago ne ya kashe DHCP a rawutar tun makon jiya. Malama, gobe zan gwada Ubuntu a wata kwamfutar, na rubuta /24 ɗinki a jikin bango.