Makarantar Fada ta bayan coci: kowa ya kawo abin da ya tuna

Mai buɗe zance, 'yar ajin da ya fita a 1969:
Salama gare ku iyaye, yayye da ƙanne. Kun san makarantarmu ta firamare da ke bayan coci a nan Kaduna babu ita yanzu. Hukuma ta karɓe ta, daga baya aka kwashe yara zuwa sabon gini, azuzuwa biyun da suka rage su ne ɗakin taron Zumuntar Mata. Rajistar ɗalibai kuma ta salwanta wajen kwashe kaya. Ke nan sunayenmu da tarihinmu suna cikin kawunanmu ne kawai, mu kuwa kullum raguwa muke yi. A taronmu na bayan Ista mun yi addu'a domin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, jerin ya fi na bara tsawo. Ina roƙo kowa ya rubuta abin da ya gani da idonsa, ba abin da ya ji ba. Ni zan fara da ƙararrawar sha biyun rana. Da ta buga, ko alli ne a hannun malami sai ya ajiye, mu miƙe mu ce "A gaishe ki Maryamu". Har yau in na ji ƙararrawar coci da tsakar rana ƙafafuna kan nemi miƙewa.

Ɗan ma'aikacin masaƙa, daga Kakuri:
Yaya, kin kyauta. Ranar da aka kai ni, Fada ya sa na ɗora hannu ta saman kai in taɓo kunne, hannun bai kai ba, aka ce in dawo baɗi. Babana ya cire hularsa ya roƙa, domin shi da mamana duk suna fita aiki, ba mai riƙona. Fada, Baturen Ailan ne daga cikin limaman ƙungiyar mishan ta Katolika da ake kira SMA, ya amsa masa da Hausa tiryan-tiryan cewa in zauna a bayan aji har hannun ya kai. Kuɗin makaranta ma haka: in wata bai yi ba, katekis, wato mai koyar da addini a coci, yakan rubuta sunanka, a biya sule-sule bayan an karɓi albashi. Ban taɓa ganin an kori yaro gida saboda kuɗi ba. Bulala dai akwai ta, musamman in an kama ka kana yarenku a aji, kuma wannan ban yaba ba har yau.

Alhaji, ɗan ajin 1967, daga Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, mahaifina ma'aikacin reluwe ne. Da ya sa ni a makarantar Fada, 'yan'uwansa sun yi ta surutu cewa ya kai ɗansa a mayar da shi Kirista. Shekara bakwai na yi, daga aji ɗaya zuwa aji bakwai, ba wanda ya taɓa ce min in shiga Misa. Lokacin koyarwar addini mu Musulmi mukan fita gindin mangwaro, da yamma kuma in tafi makarantar allo. Abokin bencina ɗan Bajju ne, a gidansu na fara cin shinkafar Kirsimeti, shi kuma ba ya rasa naman layya a gidanmu.

Abin da ke ci min rai shi ne bayan rikicin 2000 garin ya rabe, kogi ya zama iyaka. Su Kiristoci suka koma Sabon Tasha da Unguwar Television da Barnawa, mu Musulmi muka tattara Tudun Wada da Rigasa da Kawo. Jikokina ba su da abokin karatu Kirista ko ɗaya. Shi ya sa duk ranar taronmu nake tsallaka gada da kaina, kuma nake so a riƙa juya wurin taron, wannan karon a kudu, na gaba a arewa.

Mama, tana rubutu daga Inugu:
Ku yi haƙuri da Hausata, ta tsufa tare da ni. Ina aji biyar a 1966, lokacin rikicin da ya sa Ibo barin Arewa. Ranar da muka bar Kaduna ban koma aji na ɗauko jakata ba. Sista ce ta ɓoye mu a gidansu tare da wasu iyalai, daga nan aka raka mu tasha muka shiga jirgin ƙasa zuwa Gabas. Malaminmu na lissafi shi ma Ibo ne, a tasha na gan shi na ƙarshe. Ƙanena da muke zuwa makaranta tare bai tsira daga yunwar yaƙin basasa ba. Bayan an gama yaƙi a 1970 babana ya koma Kaduna, ya tarar maƙwabcinmu Bahaushe ya riƙe masa keken ɗinkinsa, ko allura ba ta ɓata ba. Ni ban sake dawowa ba. In akwai mai hoton ajinmu na ranar karɓar tarayya ta farko, don Allah a turo min. Namu ya ƙone.

Mai buɗe zance:
Wayyo 'yar'uwa, sannu. Na tuna da muka dawo hutu rabin bencina babu kowa, kuma ba wanda ya yi mana bayani, sai aka haɗa azuzuwa biyu wuri ɗaya. Hoton yana wajen yayata, zan sa jikana ya ɗauka da waya.

Baba malami mai ritaya:
'Ya'yana, ni na koyar da wasunku a aji shida, don haka bari in faɗi abin da ba kowa zai so ji ba. A 1972 gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya, zamanin Gwamna Abba Kyari, ta karɓi manyan makarantun mishan. St. John's ta zama Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta Kakuri ta zama Kwalejin Sarauniya Amina. Mu malamai da yawa a lokacin mun yi murna da komawa hannun hukuma. A ƙarƙashin mishan albashi kaɗan ne, kuma malami shi ne mai koyar da waƙar coci, shi ne mai rakiyar Fada ƙauye ranar Lahadi, ba sisin ƙari. Hukuma ta ba mu fansho.

Abin da ba mu hango ba shi ne 1976, da aka fara ilimin firamare kyauta na UPE. Yara suka yi ambaliya, abin farin ciki ne, amma ajin da na saba sanin kowane yaro da gidansu ya cika har ƙasa. Da can in yaro bai zo ba, kafin yamma katekis ya taka gidansu. Wannan sa idon ne ya tafi, kuma ba a saye shi da kuɗi. Duk da haka kada mu manta yaran da iyayensu ba za su taɓa kai su makarantar coci ba, ta wannan ƙofar suka sami boko.

Anti, ma'aikaciyar jinya, 'yar ajin 1971:
Baba, mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Ni Sista ce ta je har gida ta hana a cire ni daga aji shida a yi min aure. Ta zauna a kan tabarma da kakata har ta yarda. A hannunta na koyi saƙa da ɗaurin ciwo, daga nan sha'awar aikin asibiti ta shige ni. A 1982 da Paparoma John Paul na Biyu ya zo Kaduna ya naɗa limamai a Dandalin Murtala, a cikin wannan cunkoson na ci karo da 'yan ajinmu, muka rungume juna muna kuka. A ganina tun ranar zumuncin nan ya fara, ko da yake sai da waya ta zo muka haɗu sosai.

Alhaji:
Ina da shawara. Matar marigayi katekis tana kwance ba lafiya, kuma 'ya'yanta ba su da ƙarfi. Kafin a yi maganar ɗinka anko, a fara da ita. Na ɗauki nauyin mota.

Mai buɗe zance:
An karɓa, Alhaji, Allah ya saka. Za mu je ranar Asabar bayan la'asar domin kowa ya samu. Masu ba da gudummawa su miƙa wa Anti kafin Juma'a. Kowa kuma ya rubuto sunayen 'yan ajinsa da ya tuna, har da waɗanda suka tafi a 1966, Baba ya yarda zai duba ya jera su aji-aji.