Neman shawara kan sanya kurom a ragar ƙasa ta gaban mota

Abu Hafsat, Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Honda Accord ƙirar 2018 wadda aka shigo da ita daga Amurka, kuma ragar da ke ƙasan bambarta ta gaba, wadda asalinta baƙa ce, ta fara koɗewa saboda rana da ƙura. Tun da akwai sandar kurom mai ƙyalli a sama tsakanin fitilun biyu, sai na ga zai yi kyau idan ragar ƙasan ma ta sami irin wannan ƙyallin. Mai fentina ya ce zai fesa mata fentin gwangwani mai launin kurom a yini ɗaya, wani mai shago a Ƙofar Ruwa ya nuna mini siraran sanduna da ake mannawa, wani aboki kuma ya dage cewa sai dai a cire ta a yi mata ruwan kurom na gaske. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su faɗa mini wanne ne zai jure, domin ba na son in kashe kuɗi sau biyu.

Bakaniken Panteka, Kaduna

Wa alaikumus salam, Malam Abu Hafsat. Kafin ka zaɓi ko ɗaya daga cikin ukun, ka sa a cire ragar ka duba bayanta, domin masana'antu suna buga sunan robar a jikinta da haruffa, ko dai ABS, ko PP, ko wani abu makamancin haka. Wannan ɗan rubutun shi ne zai raba gardamar, saboda ba kowace roba ce take karɓar ruwan kurom ba.

Ruwan kurom na gaske aikin masana'anta ne mai matakai da yawa. Ana fara tsoma robar ABS a cikin asid mai ƙarfi, wanda yake cinye ƙananan ƙwayoyin da ke samanta ya bar ramuka da ido ba ya gani. Daga nan a jiƙa ta da sinadarin faladiyom, a shimfiɗa mata ƙarfen nikel marar kauri domin ta iya ɗaukar wutar lantarki, sannan a ɗora jan ƙarfe, a sake ɗora nikel, sai a ƙarshe a rufe da kurom ɗin kansa, wanda kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Wato yawancin ƙyallin da muke gani na nikel ɗin da ke ƙasa ne, kurom yana kare shi ne tare da ba shi wannan hasken mai ɗan shuɗi. Robar PP kuwa, wadda da ita ake yin yawancin bambobi da baƙaƙen sassan ƙasa, santsi gare ta irin na kakin zuma, asid ɗin ba ya kama ta yadda yake kama ABS, kuma ko fenti ma ba ya zama a kanta sai an fara shafa mata maganin kama fenti.

Wani abin da abokinka bai lura da shi ba shi ne, kurom ba ya ɓoye aibi, fito da shi yake yi. Baƙar raga tana da ɗan kaushi da aka yi mata da gangan, kuma taka ta sha duwatsun hanya shekara da shekaru, saboda haka ko an samu mai yi, kowane ɗan rami zai bayyana kamar a madubi. Sannan sinadarin kurom da ake amfani da shi a wannan aikin guba ne mai haddasa ciwon daji, shi ya sa ba aikin da za a yi a bayan gareji ba ne. Fentin gwangwani kuma ba na ba kowa shawararsa. Ƙurar alminiyom ce a cikin ruwan fenti, yana ɗan haske a ranar farko, amma da zarar an taɓa shi da hannu ko an rufe shi da fenti mai sheƙi sai ya koma launin toka irin na tukunya.

Injiniya Mai Waya

Ranka ya daɗe, bayanin Malam Bakanike ya wadatar a ɓangaren roba, ni kuma ina so in ja hankalinka ga abin da ke bayan ragar, wanda a ganina ya fi ƙyallin muhimmanci. Accord ta 2018 da aka sayar a Amurka tana zuwa da tsarin Honda Sensing, kuma na'urar rada ɗinta tana zaune ne a ƙasan bamba, daidai wurin da kake son yi wa ado. Ita ce take auna tazarar motar da ke gabanka, take taka birki da kanta idan ta hango karo. Siginar rada tana ratsa roba, amma ba ta ratsa ƙarfe, kuma kurom ƙarfe ne, haka ma fentin da ke ɗauke da ƙurar alminiyom da ledar kurom ta mannawa. Idan aka rufe fuskar na'urar, ko aka gifta mata sanda, za ka iya ganin gargaɗi ya kunnu a allon gabanka, tsarin ya daina aiki. Ko wajen cire bambar ma a yi hattara, domin idan na'urar ta goce daga saitinta sai an sake daidaita ta da kwamfuta.

Na biyu, injin wannan motar mai turbo ne, wato na'urar da ke ƙara cusa iska cikin inji, kuma ta ragar ƙasa iska take shiga zuwa na'urar sanyaya iskar turbo, da kwandansar AC, da lagireto. Duk wata raga ta ƙarfe mai ƙananan idanu da za a ɗora a kai tana rage iskar, kuma a zafin watan Afrilu, cikin cunkoson Kano, ba na jin akwai wanda yake da iskar da zai yi kyauta da ita.

Baban Walida, Zariya

Ni dai na bi hanyar mannawa a Camry ɗina, kuma sau biyu na yi, domin na farkon bai yi wata uku ba ya fara ɗagowa daga gefe. Laifin ba na sandunan ba ne, yaron da ya manna su ne ya ɗora su a kan man ƙyalli da masu wankin mota suke shafa wa baƙar roba, kuma babu gam ɗin da yake kama wannan man. A karo na biyu na tsaya a kan aikin da kaina. Mun wanke wurin da sabulu, muka goge da sifirit har sai da tsumman ya daina ɗauko datti, muka shafa maganin kama gam, sannan muka yi amfani da tef mai fuska biyu na 3M irin na motoci, muka danne kowace sanda sosai daga tsakiya zuwa gefe. Irin wannan tef ɗin yana ɗaukar kimanin awa 72 kafin ya gama kamawa, saboda haka ban bari ruwa ya taɓa wurin ba sai bayan kwana uku, kuma har yau ina hana masu wanki saita bakin injin ruwa a kansa.

Idan da zaɓi, Alhaji, ka nemi sandunan ƙarfen da ba ya tsatsa maimakon na roba mai rufin kurom, domin ƙasan mota ne wurin da tsakuwa take bugu, kuma na roba idan ya ɓantale sai rufin ya riƙa saɓulewa. A ra'ayina kuma siririn layi ɗaya a leɓen ragar ya fi kyau a kan cika ta gaba ɗaya, musamman a motar da ta riga ta ɗauki babbar sanda a sama.

Abu Hafsat, Kano

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na leƙa da tocila na ga na'urar da Injiniya ya ambata, kuma wallahi da ban tambaya ba da mai fenti ya fesa ta tare da ragar. Na yanke shawarar sanya layi ɗaya a leɓen ƙasa, nesa da na'urar. Abin da ya rage shi ne koɗewar baƙar robar, ko akwai abin da zai dawo mata da launinta?

Bakaniken Panteka, Kaduna

Akwai maganin farfaɗo da baƙar roba a shagunan kayan mota, amma ka fara manna sandar tukuna, ka bar ta kwana ukun nan, sannan a shafa maganin a kewaye da ita, domin idan ya riga gam ɗin zuwa wurin, abin da ya sami Baban Walida a karon farko shi zai same ka.